Mako na Sha Biyu na Haji Dahalan

Shekara talatin da ɗaya Haji Dahalan ya yi yana aikin kwastan a tashar jiragen ruwa, kuma da ya yi ritaya ya dawo garinsu Kuala Pilah a ƙasar Malesiya, kakin kawai ya tuɓe, halin yana nan daram. Mutum ne da ko kyautar ayaba ka kai masa sai ya juya nonon ya leƙa ƙasansa. Mai kifi a kasuwa ya san shi, mai gyaran babur ya san shi, liman ma ya san in ya gama sanarwar gyaran rufin masallaci, hannun da zai fara ɗagawa da tambaya na Haji Dahalan ne. Ba mugu ba ne, wallahi. Shi dai a ganinsa kowane akwati gindi biyu gare shi, kuma Allah ya halicce shi ne don ya gano na biyun.

Abin ya samo asali ne daga ƙaramar Sallar bara. Matarsa Saodah tana bayan gida tun hantsi, ranar jajibiri, tana juya gorar lemang a bakin wuta, shinkafa da madarar kwakwa suna nuna a ciki, ga katon kaskon rendang, naman da ake dafawa da kwakwa da yaji, a gefe yana jiran a motsa shi. Ta sunkuya za ta gyara itace, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. Ta zube a ƙasa, ta kasa tashi, sai da biyu daga cikin 'ya'yanta mata suka ciccibe ta. Haji Dahalan yana baranda yana kallo, kuma a rayuwarsa bai taɓa jin tsoro irin na ran nan ba. Yana saukowa, a gaban 'ya'ya da surukai da jikoki, ya rantse cewa daga wannan shekarar Saodah ba za ta ƙara tsayawa a kan wuta don Sallah ba.

Rantsuwa ba ta da wuya, cikawar ce aiki. Muddin a gidan nan za a yi Sallah, babu mahaluƙin da zai raba Saodah da bakin murhu, ko da ɗaure ta aka yi. Gidan ma nata ne. Mu nan haka al'adarmu take, gida da fili na mata ne, uwa ta bar wa 'ya, namiji ya zo da akwatinsa ya zauna. Shekara arba'in da ɗaya Haji Dahalan yana cikin gidan nan, shi ya canza kwano, shi ya ja ruwan famfo, amma ko ƙusa ɗaya babu da sunansa. Don haka ya yi tunani ya ga dabara ɗaya ce ta rage: tunda ba za a iya fitar da Saodah daga madafa ba, sai a fitar da Sallar daga gidan.

A teburin shan kofi ya fara jin labarin sayen mako. Wai akwai manyan gidajen hutu a bakin teku a Port Dickson da ba ɗaki kake saya ba, mako ɗaya kake saya na kowace shekara. Makonka in ya zo ka kwashi iyalinka ku tare, in ya ƙare ku share ku fita, mai mako na gaba ya shigo. Sababbi tsada ne da su, amma akwai na hannu, waɗanda masu su suka gaji ko suka mutu magada ke neman kai da su, kuma dillalai ne ke haɗa cinikin. Da ya ji kalmar dillalai sai da ya ajiye kofinsa. Amma ɗaki uku da falo, babu itace, babu gora, babu kasko, ai ba abin da za a ƙi dubawa ba ne.

Dillaliyar da aka kwatanta masa sunanta Madam Khoo. Ofishinta yana Seremban, babban birnin jiharsu, a saman wani kantin magani, sai ka hau matakala ashirin da biyu, don ya ƙirga. Gajeriyar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, ta kai sittin ko ta ɗan gota. Ta tarbe su da shayi da biskit, shi da Saodah, ta sa wa Saodah kujera ta biyu don ta miƙe ƙafarta. Wannan kirkin ne ya fara tayar masa da hankali. Ya ce a ransa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ya faɗa mata abin da yake so ba tare da kwana-kwana ba: mako ɗaya, a bakin teku, don Sallah. Ta ciro takardu biyu ta shimfiɗa a tebur. Ta ce duka biyun gini ɗaya ne, hawa ɗaya, kuma shekara goma sha bakwai suka rage a kowanne. Na farko kafaffe ne, mako na goma sha biyu na shekarar Bature, ba ya gaba ba ya baya, ringgit dubu tara. Na biyu mai yawo ne, kowace shekara kai za ka bugo waya da wuri ka zaɓi makon da kake so, dubu goma sha ɗaya.

Haji Dahalan ya zaro kalandar kantin shinkafa da ya naɗo a aljihu, ya warware ta, ya bi da yatsa. Ga Sallar bana nan ya zagaye ta da jan biro, ta faɗo daidai a farkon mako na goma sha biyu. Ya ɗago ya dubi Madam Khoo kamar wanda ya kama jirgi da kaya.

"Tuan Haji," in ji ta cikin girmamawa, "in don Sallah kake so, mai yawon ya fi maka."

"Ya fi mini, ko ya fi miki?"

Ta ce la'adarta kashi goma ce, ko wanne ya saya, kuma bambancin bai kai ta ɓata sunanta a kansa ba. Ya yi irin murmushin da yake wa direbobin manyan motoci a da. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin abin da ke yawo ya kwana a hannun mai shi ba. Yau a ce maka ka zaɓa, gobe ka bugo a ce wani ya riga ka, jibi a ce layin ya lalace. Shi abin da yake so shi ne wanda aka kafa da ƙusa, a rubuta lamba, a rubuta suna.

"To amma baɗi..." ta fara.

"Baɗi kuɗin kula da gini zai tashi, ko? Na sani, Madam. Na karanta shafi na tara tun kina zuba shayi."

Madam Khoo ta dubi Saodah. Ita kuwa Saodah tana can tana tsoma biskit a shayi, sai ma ta tambaye ta inda take sayen irinsa. Kafin su sauko matan biyu sun yi musayar lambar waya a kan maganar wani man zafi na gwiwa. A mota Haji Dahalan ya gargaɗi matarsa cewa dillali ta wurin mai taushin zuciya yake shiga gida.

Bai biya ba, ba shakka. Bincike ya fara.

Ranar Talata ya hau bas shi kaɗai ya tafi Port Dickson ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sa tsohuwar hula don kada a gane shi, alhali ba wanda ya san shi a garin. Ya ce wa yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi shi mai neman haya ne, aka ba shi ma'aikaci ya kai shi hawa na huɗu. Ya ƙwanƙwasa bango. Ya kunna famfo ya kashe, ya ja ruwan bayi uku duka, ya ɗaga katifa, ya buɗe durowa ya ƙirga cokula. Ya sauko ya sayi wa maigadi lemo, ya ja shi da hira, ya tambaye shi ko ginin yana kotu, ko an taɓa yanke wuta, ko akwai wanda ya zo da takardarsa aka ce ba a san shi ba. Maigadi ya ce shekararsa tara a nan, abin da ya taɓa gani mafi muni shi ne biri ya shiga ɗakin wata Bajamushiya ya tafi da burodi. Haji Dahalan ya dawo gida ransa a ɓace. Babu abin da ke ƙona wa mai bincike rai kamar ya tarar da komai daidai.

Ya koma wurin Madam Khoo karo na biyu, shi kaɗai, da tambayoyi goma sha huɗu a rubuce. Ta amsa su duka, ta nuna masa rajistar kamfanin, ta nuna masa rasit na kuɗin kula da gini har na bana. Da ya miƙe zai tafi ta sake kawo maganar mai yawo, ta ce ya ba ta minti biyu kawai ta yi masa lissafin kwanaki. Ya ce lissafi ai shi ya ci abinci da shi shekara talatin, ta riƙe nata.

Da ya sauko bai tafi tasha ba. Ya tsallaka titi ya shiga shagon kofi da ke kallon tagarta, ya zauna a bayan jarida. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga ta a bakin taga da waya a kunne. Ta daɗe tana magana, tana ɗaga hannu, tana dafe goshi, can kuma ya ga ta yi shiru tana sauraro, sai ta yi dariya har da cire tabarau. Haji Dahalan ya naɗe jaridarsa a hankali. Biri ya yi kama da mutum. Wa za ta kira yana fita, in ba mai makon ba? Sun haɗa baki ke nan, ta faɗa masa farashi ɗaya, ta faɗa wa wancan wani, ta cinye tsakiya.

Sunan mai makon kuwa ya riga ya karance shi a juye daga ɗaya gefen teburin, don wannan sana'arsa ce. Encik Razlan, wato Malam Razlan, mai shagon tayoyi a hanyar fita gari. Washegari ya same shi a zaune a kan tulin tayoyi yana cin shinkafa da hannu, mutum mai ƙiba da fara'a, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Haji Dahalan ya yi sallama, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya jefa tambayar kamar ba da gangan ba: nawa dillaliya ta ce za ta ba shi? Razlan ya ce dubu tara ne, ta cire kashi goma. Ya kuma ce rabonsa da jin muryarta ya fi wata guda.

Haji Dahalan ya ji kamar an zare masa kujera. Ya daure ya tambayi dalilin sayarwa. Razlan ya ce makon na marigayi mahaifinsa ne, shekara talatin da uku ke nan da ya saye shi sabo fil, don a riƙa yin Sallah a bakin teku. Ya ce ba zai manta ba, yana ɗan shekara tara, sun yi Sallah a can, an yi wasan wuta a kan yashi, mahaifiyarsa ta yi ta murna.

"Sau ɗaya ke nan muka yi Sallah a can," in ji shi, ya yi dariya yana girgiza kai. "Allah ya jiƙan Abah. Har ya rasu ba a ta da maganar a gabansa."

To, jama'a, ko jaki aka faɗa wa wannan ai ya ɗaga kunne. Amma Haji Dahalan hankalinsa yana kan kashi goma. Abin da ya ɗauka daga zancen shi ne, ashe ba su mori ɗakin sosai ba, shi ya sa katifun suke da sauran ƙarfi. Ya yi wa mamacin addu'a, ya yi godiya, ya tafi yana tunanin to wa matar nan ta kira.

Ranar sa hannu Madam Khoo ta ƙara wata 'yar takarda a kan sauran. Layi uku ne kacal, cewa an ba mai saye shawarar ya ɗauki mako mai yawo, shi da kansa ya zaɓi kafaffe. Ya karanta sau huɗu, ya ɗaga ta sama ya duba ta a hasken taga, ya juya bayanta. Bai ga tarko ba. Hasali ma kalmar "shi da kansa" ta yi masa daɗi, har ya ja mata layi a ƙasa kafin ya sa hannu.

Bayan mako uku takardar mallaka ta iso ta gidan waya. Ya buɗe ta a baranda, ya ga sunansa da na mahaifinsa da manyan baƙaƙe, Dahalan bin Maarof, hawa na huɗu, mako na goma sha biyu. Ya daɗe yana kallonta. Yana da shekara sittin da takwas, wannan ne karo na farko da ya ga sunansa a kan wani abu mai ƙofa da taga, ko da na kwana bakwai ne. Ya ji daɗi ƙwarai, har idonsa ya ciko, ya wayance da cewa hayaƙin maƙwabta ne. Saodah ta karɓa ta duba, ta ce sunan ya yi kyau a rubuce, ta sa masa ita a leda don kada damshi ya taɓa ta.

Azumi ya zo ya wuce. Ranar jajibiri, maimakon motoci su nufo Kuala Pilah, sai suka nufi bakin teku. 'Ya'ya huɗu, surukai uku, jikoki tara, aka baje tabarmi a falo, aka rataye kayan Sallah a kowace ƙofa. Lemang da rendang daga wurin wata mai sayarwa aka yo odarsu, suka zo a robobi. Haji Dahalan ya zaunar da matarsa a kujera mai taushi a bakin baranda, ya sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, ya kafa doka cewa duk wanda ya bar ta ta taɓa ko ludayi zai gamu da shi. Ta zauna. Ta ɗanɗana rendang ɗin ta ce ba laifi, wanda duk 'ya'yanta suka san zagi ne. Da safe aka je Idi a masallacin unguwar, aka dawo aka durƙusa ana neman gafarar juna, jikoki suka karɓi 'yan ambulan ɗinsu na barka da Sallah suka ruga cikin ruwa da sababbin kaya. Haji Dahalan yana tsaye a baranda, hannu a baya, yana kallon abin da ya shirya. Duk wanda ya kira shi a waya don gaisuwa sai ya ji labarin yadda dillaliya ta so ta ɗora masa mai yawo, ya ƙi.

Ranar Sallah ta uku, bayan azahar, babbar 'yarsa Hafizah tana zaune a ƙasa tana latsa waya. Ma'aikaciyar jinya ce, su kuwa sai sun nemi hutu tun shekara guda kafin lokaci. Ta ce bari ta rubuta na baɗi tun yanzu kafin wasu su riga ta. Ta duba kwanakin. Ta sake latsawa.

"Abah, makon nan naka, kullum ranar ashirin da wani abu ga Maris yake farawa?"

Ya ce ƙwarai, kafaffe ne, shi ya sa ya zaɓe shi.

"To ai Sallar baɗi goma ga wata ce."

Wani suruki ya miƙe ya ce bari ya duba yara. Haji Dahalan, mutumin da tun yana yaro yake fita duban wata, wanda yake gyara wa liman lissafin kwanakin Sha'aban, ya tsaya da kofi a hannu yana ƙirgawa a zuci. Kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Baɗi za ta riga makonsa da kwana goma sha ɗaya, baɗin baɗaɗa da ashirin da biyu. Kafin ta zagayo ta sake faɗowa cikin mako na goma sha biyu sai bayan shekara talatin da uku, takardarsa kuwa goma sha bakwai gare ta. Sai a lokacin dariyar mai tayoyi ta dawo masa, ya gane abin da ake wa dariya.

Kunya ce ta fara kama shi, amma kunya ba ta daɗewa a jikin irinsu, nan da nan ta juye ta zama fushi. Ya ce an cuce shi. Ya ce dama ya faɗa, ruwa ba ya tsami banza, matar nan ta san da wannan ta rufe bakinta. Yana cikin neman lambarta sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Khoo ce da kanta, da kwandon lemo da gwangwanin biskit ɗin nan, ta zo yawon Sallah, don Saodah ta gayyace ta.

Ko zama bai bari ta yi ba. Ya zazzage mata duk abin da ke cikinsa, cikin ladabi dai, don baƙuwa ce kuma Sallah ce. Ta saurare shi har ya gama, kwandon yana hannunta. Sannan ta tuna masa cewa sau uku ta ɗauko maganar. Na farko ya ce ya karanta shafi na tara, na biyu ya ce ta riƙe lissafinta, na uku ya ja layi a ƙarƙashin "shi da kansa". Ta ce ita ba ta azumi, amma shekara ashirin tana sayar da makonni, ta san Sallah tafiya take yi, kamar yadda tasu sabuwar shekarar ta Sinawa ma ba ta zama wuri ɗaya.

Sai ya jawo makaminsa na ƙarshe. Ya ce to ta faɗa masa, a gaban iyalinsa, wa ta kira ranar da ya zo shi kaɗai, minti biyar bayan fitarsa, tana tsaye a bakin taga tana dariya.

Madam Khoo ta ajiye kwandon a hankali. Ta juya ta dubi baranda.

"Ni ta kira, Abang," in ji Saodah daga kujerarta, da sunan da take kiran mijinta da shi. "Ku ba baƙuwa abinci. Kai kuma zo ka zauna, tsayuwar nan ba ta yi maka kyau."

Hafizah ta ja Madam Khoo zuwa tebur, aka janyo ƙofar gilas, aka bar su su biyu a baranda. A ƙasa jikoki suna ta ihu a bakin ruwa. Ya zauna a kan 'yar kujerar roba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Saodah ta ce matar nan ta kira ta ne hankalinta a tashe, ta ce don Allah ta yi wa mijinta magana, zai sayi abin da ba zai yi masa amfanin da yake nema ba, kuma ya ƙi sauraro. Ita kuma ta ce mata ta ƙyale shi, ta sayar masa da wanda yake so. Ta ce tun ranar farko, yana warware kalandar kantin shinkafa, ta riga ta yi lissafin, don mace da ta yi shekara arba'in tana tanadin Sallah ba ta buƙatar biro.

"Kika bar ni na yi ta yawo a bas kamar mahaukaci?"

"Ka ji daɗin yawon ai. Rabon da in ga kana cin abinci da yawa haka tun kana aiki."

Ya ce wannan ba abin wasa ba ne. Ya yi rantsuwa a gaban 'ya'yansa cewa ba za ta ƙara tsayawa a kan wuta ba, ga shi yanzu baɗi Sallah za ta koma gida, ya zama mai magana biyu. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ya faɗa mata, ba kuɗin ba. Ya ce ranar da ta faɗi, ya ɗauka tafiya ce za ta yi ta bar shi.

Ta ce rantsuwarsa tana nan, ba za ta tsaya ba, kujera za a kai mata bayan gida ta zauna ta riƙa ba da umarni, 'ya'ya mata uku da suruka ba don ado aka tara su ba. Amma Sallah a gida za a yi ta. Kabarin mahaifiyarta yana can, bana ne karo na farko da safiyar Sallah ta wuce ba ta je ta share shi ta zuba ruwa ba, kuma abin ya tsaya mata a rai tun shekaranjiya. Na bana ta karɓa don shi, ta gode, ya isa.

"To makon fa?" in ji shi. "Shekara goma sha shida, mako a ƙarshen Maris, ba Sallah, ba hutun kowa. Yara suna makaranta, iyayensu suna aiki. Wa zai zo?"

"Ba kowa," ta ce. "Shi ya sa na ce ta sayar maka."

Ya juyo ya dube ta.

"Abang, shekara arba'in da ɗaya. Makka ma da ƙanwarka da mijinta muka je. Ka taɓa kai ni wani wuri mu biyu, ba ɗa, ba jika, ba tukunya? Da na roƙe ka da ka ce ɓarnar kuɗi ce, ka kawo dalili goma sha huɗu. Yanzu kuwa ka riga ka biya, kuma na san ka, ba za ka bar kwana ɗaya ya tafi a banza ba."

Haji Dahalan ya buɗe baki zai kare kansa, ya duba ko'ina a cikin shekarun nan arba'in da ɗaya, bai sami ko kwana ɗaya da zai kafa hujja da shi ba. Abin ya soke shi fiye da yadda ya zata. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Can ya ce, a hankali, goma sha shida suna da yawa ga masu shekarunsu.

"Suna da yawa," in ji Saodah. "Allah ya ba mu rabinsu ma, mun gode. Tashi ka je ka ba matar mutane haƙuri tun abincinta bai huce ba, ka dawo ka kama ni, ina so in sauka in taka yashin nan kafin la'asar."

Ya tashi, ya gyara zaman hularsa, ya tura ƙofar gilas ɗin ya shiga.